Wasiƙar da Ta Kira Dattawa da Sunan Yanka

Yusnelli 'yar yayata ce, kuma ita kaɗai ce mace da ta rage mana a gidanmu na Padang Panjang. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, yayata kuwa biyu ta bari ta rasu, Erizal da wannan da muke kira Neli. A wurinmu gida na mata ne, uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa tata 'yar, maza kuma su tafi nema duk inda ƙafa ta kai su. In Neli ta tattara ta bi sahun maza, babu mai zama a gidan sai ni, ni kuma kowa yana ganin furfurata. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka son kwamfuta ne ya sa ni ba da labarin nan. Ni mayafan salla nake ɗinkawa ina sayarwa a kasuwa.

Ubanta, Malam Masril, malamin firamare ne, kuma mutum ne mai son a ce daga bakinsa aka fara jin labari. Da aka soma buɗe shagunan intanet a garin, sai ya samu abin da ya fi bakin nasa nisa. Ya buɗe shafi ya sa masa suna Kaba Kampuang, wato labarin gida, yana rubuta wanda ya rasu, wanda ya yi aure, inda dutse ya zaftare ya tare hanya, da kuɗin barkono a kasuwa. Kowace Juma'a kuma ya tura wasiƙa ta imel ga mutanenmu da ke Jakarta da Medan da Batam har Malesiya. Dubbai ne suka ba da adireshinsu, domin mutumin garinmu ko ya shekara talatin a waje, sai ya so ya ji ko 'yar wa aka ɗaura wa aure.

Neli ta yi karatu a Padang, ta dawo jinyar uban, da ya rasu ta riƙe shafin. Yarinya ce marar yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, sai dai ka gaji ka bar ta. Wasiƙar Juma'a ce kawai ta yar. Na tambaye ta dalili, ta ce mini yanzu babu mai buɗe imel sai ma'aikacin banki, kowa yana dandalin sada zumunta, can take liƙa labari mutane su danna su shigo. Kuma da gaskiyarta a lokacin. Mutane suna shigowa, kamfanin talla na waje yana biyan ta gwargwadon yawansu, 'yan kasuwar gari ma suna sa nasu tallan. Babbansu shi ne Haji Darmawi, mai manyan motocin da ke zuwa Jakarta da Medan da Pekanbaru.

Haka aka yi shekaru, sai abu ya fara ja da baya. Za ta wuni tana yawo a ruwan sama tana haɗa labari, ta liƙa shi, shiru kamar an jefa tsakuwa a rijiya. Ta ce masu dandalin ne suka daina nuna wa mutane duk abin da zai fitar da su zuwa wani shafi. Mai sayar da zinariya ya janye tallansa, masu gidajen abinci suka bi. Haji Darmawi ya kira ta ofishinsa, ya ba ta shayi mai ƙwai, ya gaya mata a hankali cewa albarkacin ubanta ne ya sa bai tafi ba tuntuni. Zai jira zuwa farkon azumi, lokacin da 'yan nema ke kama kujerar dawowa gida salla. In masu shiga ba su ƙaru ba, zai kai kuɗinsa wani wuri. Ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne, kuma tallansa ne ke riƙe da shafin gaba ɗaya.

Erizal kuwa kamar jira yake. Yana da gidan abinci a Batam, ya daɗe yana neman ɗan'uwa na jini da zai zauna masa a kan akwatin kuɗi. Ya turo mata kuɗin jirgi tun ba ta ce tana zuwa ba. Na kira shi na wanke shi tas, na tambaye shi ko so yake a kulle gidan uwarsa ɓeraye su gaje shi. Ya ce, "Etek," wato ƙanwar uwa, haka suke kira na, "gida ba ya ciyar da mutum." Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Neli ta ce masa in Haji ya janye, bayan salla za ta zo. Ranar ban iya cin abinci ba, tsoro ya kama ni sosai.

A cikin wannan hali ta tuna da adireshin da ubanta ya tara. Sun kusa shekara goma babu wanda ya taɓa su. Ta ce mini waɗannan mutane su suka miƙo hannu da kansu suka ce a riƙa aiko musu, kuma babu wani mai dandali da zai tsaya tsakaninta da su. Ba ta yi gaggawa ba. Ta ɗauki makonni tana tsince adireshin da suka mutu, tana tsara wasiƙar. Dabararta ita ce ta kawo farkon kowane labari, ta yanke shi daidai inda ya fara daɗi, mai son ƙarshe sai ya danna ya shiga shafin, inda tallan yake. Na ce mata ai wannan aikin mai gashin nama ne, da yake fifita hayaƙi ya nufi hanya.

Inda aka samu matsala shi ne wajen gaisuwa. Ta yi ta kallon bidiyon wasu Turawa masu koyar da wannan sana'a, dukkansu bakinsu ɗaya, wai ka kira mutum da sunansa a farkon wasiƙa, zai ji kamar shi kaɗai ka rubuta wa. Ubanta kullum da kalma ɗaya yake buɗewa, dunsanak, wato 'yan'uwa. Neli ta ɗauka tsohon bai san yadda ake sa na'ura ta jera sunaye ba ne. Ita ta sani, don haka ta sa.

To namiji a wurinmu ranar da aka ɗaura masa aure kawunnansa suke ba shi gala, sunan girma, ya zama Sutan wane ko Sutan wane. Daga ranar an rufe sunan yanka, ko surukarsa ba ta isa ta kira shi da shi ba. In kuma dangi suka naɗa shi shugabansu ya zama Datuak, magana ta ƙare. Neli ta san wannan sarai, a titi ba za ta taɓa kuskurewa ba. Amma a gaban kwamfuta sai ta manta cewa mutane ne a bayan adireshin. Da yawansu suna ɗalibai ko samarin shago suka rubuta sunansu, ɗan guntun da abokai ke kiran su da shi. Manyan ma da suka ga an ce suna, suna suka rubuta, don ba su zaci wata rana za a jefe su da shi ba.

Ta tura da safiyar Juma'a. Kafin a sauko daga masallaci wayarta ta ɗauki zafi.

Ban taɓa ganin faɗa a rubuce mai yawan wannan ba. Wani daga Jakarta ya tambaya ko a daji aka rene ta. Wani ya ce ya aurar da 'ya'ya biyu, yau sa'ar 'yar cikinsa ce take ce masa Ujang. Wata mata daga Medan ba ta tsaya rubutu ba, ta nemo lamba ta kira, tana son ta san wace ce wannan Yusnelli da ta saba da mijinta har take kiran sa da sunan da ita kanta ba ta taɓa furtawa ba. Ni na karɓi wayar na ce mata ta kwantar da hankalinta, mijin nata ɗaya ne cikin dubu, kuma daga hotonsa da na gani babu mai ƙwace mata shi.

Washegari sai ga ƙanena ya sauka daga Pekanbaru. Shi ne Datuak ɗin danginmu, kawun Neli, tsohon ma'aikacin gwamnati mai son girma kamar ransa. Ashe a harabar masallaci ya buɗe wasiƙar, yana murna, har ya miƙa wa abokansa wayar su ga labarin garinsu ya dawo. Abin da suka fara karantawa shi ne, salamu alaikum Suar.

Ko takalmi bai gama cirewa ba ya ce, "Uni," wato yaya, "kin ga abin da 'yarki ta yi mini?"

Na ce, "Na gani, Datuak. Amma dai sunan naka ne, ba ƙirƙira ta yi ba. Ina nan aka raɗa shi."

"Ke komai wasa ne a wurinki. Yanzu a masallacin nan har ladan in ya gan ni sai ya yi murmushi."

Neli ta fito ta durƙusa, kanta a ƙasa. Ya daɗe yana faɗa, mafi yawa a kan yaran zamani, ina jin sa ina yanka albasa. Daga ƙarshe ya sassauta murya ya ce, "Ubanki ya yi shekaru yana aika wasiƙar nan, bai taɓa kiran ko yaro da suna ba. Kin ɗauka bai iya ba ne?"

Wannan ce ta shige ta. Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, da na leƙa na tarar tana ninke kaya tana sawa a jaka. Ban nuna mata tsorona ba. Na ce tunda dai tafiya za ta yi, ta zauna ta karanta mini sauran zagin, ni ban ƙoshi ba. Gaskiya kuma ina son ji, don rabin mutanen na san iyayensu.

Ta zauna tana karantawa da muryar wanda ya sha kuka. Kowane da irin nasa, amma tafiyarsu ɗaya. Mutum zai fara da faɗa, sai ya ce don ki sani, ni ne Sutan Pamenan, kawuna wane ne ya ba ni, 'yar gidan wane nake aure, 'ya'yanmu huɗu, ina da shagon yadi a wuri kaza. Wasu har da hoton ranar auren, don kada a yi musu. Muna cikin haka ta daina karantawa, ta koma saman jerin amsoshin, ta sake gangarowa. Ta buɗe wani wuri da ke nuna yawan masu shiga shafin, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Etek, kin lura kusan babu wanda ya ce in cire shi?"

Na ce ai ba su gama zagin ba ne.

"A'a. Sun shiga shafin su ga 'yar wa ce marar kunyar, kuma sun tsaya sun karanta. Mutanen nan ba korata suke yi ba, Etek. Labarin shekara goma suke ba ni, kyauta."

Ta ture jakar gefe. Na tashi na ɗora ruwan zafi.

Abin da ta yi daga nan shi ya sa nake cewa yarinyar nan ta fi ubanta kai, Allah ya ji ƙansa. A wurinmu ba a ba babba haƙuri da baki kawai, sai an jera ganyen siri, wanda ake taunawa kamar goro, a tiren tagulla an kai gabansa. Ta sa ni na ciro tiren kakarmu na goge shi, ta jera ganyen, ta yafa mayafi, ta je ta durƙusa gaban kawunta. Ya karɓa yana ɗaure fuska. Sai ta roƙe shi alfarma ɗaya, ya bari a ɗauki hoto yana karɓa, don ta nemi gafarar sauran ta hannunsa, tunda duk cikin waɗanda ta ɓata wa babu wanda ya kai shi. Na ga gemunsa ya motsa. Ya ce ba da wannan rigar ba, a jira shi. Ya shiga ya fito cikin baƙaƙen kayan sarauta da rawaninsa, wanda ashe yana cikin jakarsa tun daga Pekanbaru. Sau biyar aka sake hoton kafin ya yarda.

Juma'ar da ta biyo, hoton ne a saman wasiƙar. Ta buɗe da dunsanak kamar ubanta, ta amsa laifinta a layi uku ba tare da kwana-kwana ba. Sannan ta ce don kada ta sake kuskure, ta buɗe wuri a shafin inda kowa zai shiga ya rubuta galarsa, da danginsa, da wanda ya ba shi, da inda yake zaune yanzu, ya sa hoto in yana so. Na farko da ke ciki shi ne Datuak ɗinmu da rawaninsa.

Wanda ya san mazan garinmu ya san abin da zai biyo baya. Babu wanda zai yarda a ga sunan abokin wasansa a jere, nasa babu. Mutum ya shiga ya rubuta nasa, gobe ya dawo ya ga ko ya fito da kyau, jibi ya dawo ya duba na maƙwabcinsa, ya tura wa surukai su ma su gani. Matan suka karɓe harkar hotuna, kowace tana son a ga kwalliyar kanta ta ranar aure. Wasu dattawa biyu suka kama musu a kan wanda kakansa ya fara riƙe wata gala, mutane suna shiga safe da yamma don su ga wanda ya mayar da martani. Har shafin ya faɗi saboda cunkoso, Neli tana gyara tana dariya. Waɗanda ba su taɓa ba da adireshi ba suka riƙa bayarwa. Ta gaya mini cewa faɗan farkon ma ya yi mata rana, domin na'urorin da ke tace wasiƙu in suka ga mutane suna amsawa, sai su daina jefa ta kwandon shara.

Amsa ɗaya ce ba ta karanta mini da dariya ba. Wata mata ce daga Pontianak, mijinta ya rasu shekarun baya, amma ba ta rufe imel ɗinsa ba. Ta ce da ta ga an ce salamu alaikum Yasrul, sai da ta zauna a ƙasa, don tun rasuwar uwarsa babu wanda ya sake kiran sa haka. Ta roƙa kada a cire shi, kuma kada a gyara. Har yau duk Juma'a wasiƙa ɗaya ce ke fita da sunan yanka, Neli da hannunta take tura ta.

Ana saura kwanaki azumi, Haji Darmawi bai aiko a kira ta ba, da kansa ya zo. Shi ma yana cikin waɗanda aka yi wa, Mawi aka ce masa, mutumin da ya je Makka sau uku. Ya zauna a tabarma ya ƙi taɓa shayin da na kawo.

Ya ce, "Ki sani ban huce ba."

Neli ta ce, "Na sani, Pak Haji."

"To. Saman wasiƙar nan, inda kika sa hoton kawunki, nawa ne?"

Ta faɗi kuɗin da ni kaina sai da na dube ta. Ya ce ko ubanta bai taɓa yi masa wannan rashin kunyar ba. Ta ce a hankali mai zinariya ma ya tambayi wurin jiya, amma ta ce ya jira, don Pak Haji ne ya tsaya da ita lokacin da kowa ya gudu. Ya yi tsaki, ya jawo shayin ya sha, ya ce na shekara guda yake so. Ta sa masa wurin da mutum zai danna daga cikin wasiƙar ya kama kujera kai tsaye. Kafin tsakiyar azumi motocinsa sun cika, sai da ya yi hayar wasu. Mai zinariya ya haƙura da tsakiyar wasiƙa, masu gidajen abinci suka dawo suna 'yan kame-kame, kamfanin wajen ma kuɗinsa ya ninka. Ni ma na sa tallan mayafaina, kuma sai da ta karɓi kuɗi a hannuna, marar mutunci.

Da salla gidanmu ya zama kamar kasuwa. Duk wanda ya sauka daga mota sai ya biyo ya ga yarinyar da ta kira shi da suna. Su shigo da ɗaurarriyar fuska, su fita suna tambaya ko za a iya canja musu hoto. Matar Medan ma ta zo da mijinta a gaba, ta kawo mini kek. Erizal ya zo, ya ga abin da idonsa, ya yi ta yi wa ƙanwarsa magana a ƙarƙashin murya. Na ji yana cewa ai da kwamfuta ake aikin, ko daga Batam za ta iya yi, ta haɗa biyu. Ban ji amsarta ba. Na kasa tambayarta, don ina tsoron abin da zan ji, kuma ita ba mai faɗin abin da ke ranta ba ce. Baƙi suka watse, Erizal ya koma, muka rage mu biyu muna cin ragowar abincin salla, kowa ya yi shiru a kan maganar.

Wata safiya ina ɗinki sai na ji ana buga guduma a kaina. Na fito da allura a hannu, na tarar da kafintoci a saman gidan suna ɓamɓare tsohon kwanon rufi, ga sabo an jibge a tsakar gida. Neli tana tsaye a ƙasa, hannu a ƙugu, tana musu da babbansu a kan katako. Ta juyo ta gan ni.

Ta ce, "Etek, iri biyu ne. Akwai mai araha, shekara goma sai a sake. Na ce su sa ɗayan, wai yana kai arba'in. Ba na son in riƙa hawa rufi da tsufana."

Ta koma kan musunta. Na tsaya ina kallon ta, hawaye suna zuba, ban damu da kafintocin ba. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar aurena. Sai da ɗaya daga cikinsu ya leƙo daga sama ya tambaya ko babu shayi a gidan nan, sannan na share fuska na shiga kicin.